Shin Imamu Ghazali Ya Haramta Falsafa? Amsa Ga Ɗalibin Da Ke Shakkar Shiga Aji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a jami'a. A wannan zangon karatu an sa mana darasin falsafa, har mun kai kan hujjojin samuwar Allah da sukan da aka yi musu. Wani abokina ya ce Imamu Ghazali ya kafirta masu falsafa, saboda haka zama a ajin ma haɗari ne, wai addini ba a sa masa hankali. Ni kuwa wasu tambayoyin sun tsaya mini a rai. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka ya faɗi wani abu na gaskiya, amma abin da ya bari ya fi wanda ya faɗa yawa. Fatawa ba aikina ba ne, tana da ma'abotanta. Ni abin da nake karantarwa shi ne tarihin wannan muhawara, a nan zan tsaya.

Gaskiya ne Abu Hamid al-Ghazali (1058–1111) ya rubuta Tahafutul Falasifa, ya kammala shi a farkon shekarar 1095 yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza. A ciki ya bi manyan masu falsafa na duniyar Musulmi, Farabi da Ibn Sina, a kan mas'aloli 20. Uku daga ciki ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah Ya san abubuwa ne a dunƙule ba ɗaya bayan ɗaya ba, da cewa tashin ƙiyama na rayuka ne ban da jikkuna. Sauran 17 ya ajiye su a matsayin bidi'a. Nan labarin abokinka ya ƙare.

To amma yaya aka yi ya iya rubuta littafin? Shi da kansa ya ba da labari a cikin Munƙiz minad Dalal cewa ya shafe kusan shekara biyu yana karanta littattafan masu falsafa a ɗan lokacin da yake samu, alhali yana karantar da ɗalibai 300, sannan ya ƙara kamar shekara guda yana juya abin da ya karanta. Ya ce malaman da suka riga shi yi musu raddi ba su fahimce su ba, shi ya sa raddin nasu bai gamsar da kowa ba. Da ya gama sai ya kasa iliminsu kashi shida: lissafi, manɗiƙi (ilimin ƙa'idojin tsara hujja), ilimin ɗabi'ar halitta, ilahiyyat (bincike a kan Allah da siffofinSa), siyasa da tarbiyyar hali. Lissafi ya ce ba ruwansa da inkari ko tabbatar da addini. Har ya ja kunnen mai kishin Musulunci da jahilci, wanda zai ƙaryata lissafin husufin rana da na wata da sunan kare addini. Ya ce irin wannan ya fi maƙiyi yi wa addini ɓarna, domin wanda ya san lissafin da hujja ba zai yi shakkar hujjarsa ba, addinin zai yi wa shakka. Manɗiƙi kuwa, a gabatarwar Mustasfa, littafinsa na usulul fiƙhu, cewa ya yi wanda bai san shi ba ba a sakankancewa da iliminsa. Rigimarsa da su tana cikin ilahiyyat ne, kuma da'awarsa ita ce sun kasa cika sharuɗɗan hujjar da su da kansu suka gindaya.

Bari in buɗe maka mas'ala ɗaya ka ga irin aikin. Masu falsafa suka ce: idan Allah cikakke ne tun fil azal, babu abin da ya rage Masa, me zai sa halitta ta jinkirta? Me ya bambanta lokacin da aka yi duniya da wanda ya gabace shi, har aka zaɓi wannan aka bar wancan? In ka ce wani sabon abu ne ya taso, to shi ma sai an tambayi dalilin tasowarsa. Don haka, a ganinsu, duniya tana gudana daga gare Shi ne ba tare da farko ba. Ghazali bai amsa musu da aya ba, domin ya san a wannan fage aya ba za ta rufe bakin abokin jayayya ba. Ya ce aikin nufi ke nan, ya ware abu daga makamancinsa. A ajiye wa mai jin yunwa dabino biyu iri ɗaya sak, nisa ɗaya, ba zai iya ɗaukar duka ba; ai ba zai tsaya yana kallo har abada ba, ɗaya zai ɗauka. Sannan ya juya musu ilimin taurarinsu. A lissafinsu rana tana kammala zagayenta a shekara ɗaya, Mushtari (Jupiter) a shekara 12, Zuhal (Saturn) a shekara 30. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu ba shi da iyaka. Ta yaya marar iyaka zai zama ɗaya bisa talatin na wani marar iyaka? Masana lissafi na zamani, tun daga aikin Georg Cantor a ƙarni na 19, suna da abin cewa a kan wannan, har yau kuma ana kai ruwa rana a kai. Amma dubi kayan aikin: ba komai a ciki sai hankali. Wanda ya yi wa falsafa raddi mafi shahara a tarihinmu, da falsafa ya yi shi.

Mas'ala ta 17 ta fi kusa da kunnenka, ko da ba ka san daga ina ta fito ba. Wuta ta taɓa auduga, auduga ta ƙone. Ghazali ya ce ido bai ga komai ba sai abu biyu da suka faru tare. Bai ga wani tilas da ya ɗaure su ba. Allah ne Yake halittar ƙunar a lokacin haɗuwar, bisa al'adar da Ya gudanar, kuma Yana iya katse ta, kamar yadda wuta ta zama sanyi ga Annabi Ibrahim (AS). Duk wanda ya zauna gaban malamin tauhidi a zaure ya ji cewa wuta ba ta ƙuna da kanta, wuƙa ba ta yanka da kanta, abinci ba ya ƙosarwa da kansa. Matsayin Ash'ariyya, mazhabar aƙidar da Ghazali yake bi, ke nan a kan sababi. Fiye da shekara 600 bayan Ghazali, masanin falsafa ɗan Scotland David Hume (1711–1776) ya lura da abu ɗaya game da abin da ido ke gani, sai dai shi wani wuri dabam ya nufa da shi. In malaminku ya kawo Hume, ka tuna masa da auduga.

Amsa ta zo daga Andalus. Ibn Rushd (1126–1198) ba baƙo ba ne a mazhabarmu. Alƙalin Malikiyya ne, ɗan alƙali, jikan alƙali, ya yi alƙalanci a Ishbiliya da Ƙurɗuba, kuma shi ne mai Bidayatul Mujtahid da ake karantawa a jami'o'inmu. Ya bi littafin Ghazali sakin layi bayan sakin layi a cikin Tahafutut Tahafut. A kan wuta da auduga ya ce wanda ya kore sababi ya kore hankali, domin sanin abu shi ne sanin sababinsa. A kan farkon duniya kuwa, a wani littafin nasa da za mu zo kansa, ya ce saɓanin ya kusa zama na suna kawai, tunda ɓangarorin biyu sun yarda duniya tana da Mai samar da ita, kuma zahirin wasu ayoyi, kamar wadda ta ce Al'arshinSa ya kasance a kan ruwa, bai yanke hukunci yadda masu ilmul kalam, wato malaman da ke kare aƙida da hujjar hankali, suke zato ba.

Ƙaramin littafinsa Faslul Maƙal shi ne ya fi dacewa da tambayarka, don a matsayin alƙali ya rubuta shi: mene ne hukuncin shari'a a kan nazarin falsafa da manɗiƙi? Ya ce in falsafa ita ce duban halittu don su nuna Mahalicci, to Alƙur'ani ya yi umarni da hakan, ya kawo ayar suratul Hashri mai kiran ma'abota basira su yi lura. Ya ce gaskiya ba ta karo da gaskiya. In hujja yankakkiya ta saɓa wa zahirin nassi, sai a yi tawili bisa ƙa'idojin harshen Larabci, kamar yadda malaman fiƙhu suke yi kullum. Kasancewar mutanen Girka ne suka fara tsara manɗiƙi bai dame shi ba. Ya ce wajen ingancin yanka ba a tambayar addinin mai wuƙa, ana duba sharuɗɗan yankan ne. Sai dai kar ka ɗauka ya buɗe ƙofa ga kowa. Ya fi Ghazali tsanani a nan. Ya ce mutane hawa-hawa ne wajen karɓar hujja, kuma laifi ne a watsa tawilin masana a gaban wanda bai shirya ba. Har ya zargi Ghazali da yin hakan a littattafansa. Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. A 1195 aka kore shi zuwa Lusena, aka ƙona wasu littattafan falsafa, daga baya aka yafe masa, ya rasu a Marakish a 1198.

Akwai murya ta uku da bai kamata in tsallake ba, musamman da yake da yawa daga matasanmu ita suka fi ji. Ibn Taimiyya (1263–1328) ya soki manɗiƙin Aristotal, ya soki masu kalam da masu falsafa gaba ɗaya, ya ce sanin Allah yana cikin fiɗirar ɗan Adam. Amma babban littafinsa a wannan fage, Dar'u Ta'arudil Aƙli wan Naƙli, da'awarsa ita ce lafiyayyen hankali ba ya saɓa wa ingantaccen nassi, kuma mujalladai ya cika yana warware hujjojin Ibn Sina da Razi da Ibn Rushd ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ya yi wannan aiki bai ce a ajiye hankali a ƙofar masallaci ba. Ina mamakin masu jingina kansu gare shi suna alfahari da cewa ba su taɓa buɗe littafin abokin jayayya ba.

Yanzu mu dawo gida, domin ana yawan ɗaukar wannan muhawara kamar jami'a ce ta shigo da ita. Shehu Muhammad al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya yi rubutu a kan manɗiƙi, kuma ya yi musayar baitoci da Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya haramta shi. Hujjar Maghili ita ce ana gane mutane da gaskiya, ba a gane gaskiya da mutane, don haka a karɓe ta ko daga bakin wa ta fito. Shi kuma Suyuɗi ya aiko wa sarakunan Katsina da Agadas da wasiƙar nasiha. Ka ga ɓangarorin biyu duk suna da zumunci da ƙasar nan tun ƙarni na 15. Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da muka fara koyon alwala da sallah da shi, shi ne kuma ya tsara waƙen manɗiƙi mai suna Sullam a shekarar 941 ta Hijira, yana ɗan shekara 21. A ciki ya kawo ra'ayoyi uku: Ibnus Salah da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, shi kuma ya rinjayar da halacci ga mai cikakkiyar basira wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna. Ummul Barahin ta Imamu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ba da aya ta fara ba. Ta fara ne da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Hujjar da ta kafa a kan samuwar Allah ita ce duniya fararriya ce, fararre kuwa ba ya rasa mai farar da shi. Wannan hujja ce dai malamin falsafa ɗan Amurka William Lane Craig ya farfaɗo da ita a 1979, ya kuma bar mata sunan kalam. Mai yiwuwa tana cikin takardun da aka raba muku.

Wannan gado ya taɓa haifar da matsala a nan. A zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754–1817) an sami wasu ɗaliban tauhidi da suke titsiye talakawa da tambayoyi, duk wanda ya kasa kawo dalilan aƙida yadda suke a littafi sai su ce ba Musulmi ba ne. Shehu, Allah Ya jiƙansa, ya yi rubuce-rubuce da yawa yana yi musu raddi, ya tsaya a kan cewa imanin gama-garin mutane ingantacce ne, kuma hukunci a duniya da zahiri ake yinsa. Amma a cikin gidansa aka sami Abdulƙadir ɗan Tafa (1804–1864), ɗan 'yarsa Khadija, wanda ya yi karatu wurin kawunsa Muhammadu Sambo, ya zauna a Salame, ya rubuta littattafai a kan falsafa da tasawwufi ban da tarihi. Abu biyun ba su yi karo a wurinsu ba: ba a tilasta wa kowa wannan ilimi, ba a kuma hana wanda ya cancanta.

Sauran ɓangaren, wanda darussan jami'a suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, shi ne na zuciya. Labarin Ghazali bai ƙare da raddi ba. Tun da farko ya faɗa cikin shakka mai tsanani. Ya ce ido yana ganin inuwa a tsaye, bayan ɗan lokaci sai ka tarar ta matsa. Yana ganin tauraro ƙarami kamar dinari, lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ya ƙaryata ido. To wa ya tabbatar babu wani alƙali a bayan hankali da zai ƙaryata shi, kamar yadda farkawa ke ƙaryata mafarki? Kusan wata biyu yana cikin wannan hali, kuma ya ce ba jera hujjoji ne ya fitar da shi ba, haske ne Allah Ya jefa a ƙirjinsa. A 1095 kuma harshensa ya ɗaure har ya kasa karantarwa, abinci ya ƙi shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya bar muƙami da Bagadaza, ya tafi Dimashƙa da Ƙudus da Makka, bai koma karantarwa a makarantar hukuma ba sai 1106 a Naisabur. Abin da ya fito da shi shi ne akwai sanin da ba ya samuwa da karatu sai da ɗanɗano. Likita marar lafiya ya san ma'anar lafiya da sababanta, amma ba shi da ita.

Nan masanin falsafa yake da tambaya mai nauyi: abin da mutum ya ji a zuciyarsa hujja ne? In hujja ne, ga wa? Masanin falsafa ɗan Amurka William James, a laccocin da ya gabatar a Edinburgh aka buga a 1902, ya ɗauko dogon yanki daga labarin Ghazali, ya ƙare da cewa irin wannan hali yana da iko a kan wanda ya same shi, bai wajaba a kan na waje ya karɓa ba, amma ya isa ya hana mu cewa abin da gaɓoɓi da lissafi suka kai gare shi shi ne iyakar gaskiya. Matsalar da ta rage ita ce mabiya addinai dabam-dabam duk suna ba da labarin ɗanɗano, kuma abin da suke faɗa yana saɓa wa juna. Ghazali bai bar ƙofar a sake ba. Ya bambanta abin da hankali ya gaza kaiwa da abin da hankali ya yanke cewa mustahili ne. Na farko yana iya bayyana ga waliyyi, na biyu ba ya yiwuwa. Shi ya sa ya ce masu fassara halin da suka shiga da cewa sun haɗe da Allah ko Ya sauka a cikinsu kuskure suka yi. A ganina wannan ƙa'ida tana daga mafi amfanin abin da ya bari, a ƙasar da ba a rasa mai cewa an nuna masa a mafarki don haka kowa ya bi.

In ka nemi ra'ayina, Ghazali ya fi gaskiya a kan cewa hujjojin ilahiyyat ba su kai na lissafi yankewa ba. Shekaru ɗaruruwa ana gyara su ana sukansu, masu kaifin hankali suna nan a kowane ɓangare. Ibn Rushd kuma ya fi shi hango haɗarin raina sababi. Al'ummar da ta saba cewa magani ba ya warkarwa da kansa tana iya zamewa ta daina binciken magani, ko da yake ba haka Ghazali ya nufa ba. Don haka in ka ji an soki wata hujja a aji kuma sukan ya yi ƙarfi, wannan hujjar ce ta sami rauni a yadda aka tsara ta. Ibn Rushd ya soki hujjojin Ash'ariyya, Ghazali ya soki na Ibn Sina, Ibn Taimiyya ya soki duka biyun, ba kuma wanda ya daina sallah a cikinsu.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. Akwai shi, kuma ya fi yawa ga wanda ya ji suka a gajeren bidiyo bai taɓa zama ya karanta amsa ba, ko wanda ya ɓoye tambayarsa don tsoron a kira shi da wani suna. Tambayar da ta tsaya maka a rai ba fita daga addini ba ce. A cikin Sahihu Muslim sahabbai sun kai wa Annabi (SAW) ƙarar abin da suke ji a zukatansu wanda suke ganin girman furta shi, ya ce musu wannan shi ne tsantsar imani. Annabi Ibrahim (AS) ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu.

Ka ci gaba da shiga ajin. A gefe guda ka nemi malamin da ya karanta tauhidi da manɗiƙi a gaban malamai, wanda ba ya fushi da tambaya, ka ɗauki Sullam da Ummul Barahin a wurinsa. Bayan nan ka karanta Munƙiz da Faslul Maƙal a jere. Dukansu gajeru ne, akwai su da Larabci da fassarar Turanci. Tahafut ɗin biyu ka bar su sai ƙafarka ta tsaya. A jarrabawa kuma in an ce ka bayyana hujjar wanda ba ka yarda da shi ba, ka bayyana ta da ƙarfinta, kar ka rage mata komai. Ghazali ya yi haka a littafinsa Maƙasidul Falasifa, inda ya zayyana ra'ayin masu falsafa ba tare da raddi ba. Da aka fassara shi zuwa Latin a Toledo a ƙarni na 12, yawancin kwafe-kwafen ba su ɗauki gabatarwar da ya bayyana manufarsa ba, sai malaman Turai suka daɗe suna lissafa shi cikin mabiyan Ibn Sina.